Koren Ruwa a Ɗakin Inna

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai Lauya ta cika yarda da mutanen unguwarsu, na gani. Masu tambayar yaushe za ta yi aure kuma, ku yi haƙuri, shari'a ce a gabanta.

Ga wanda yau ya shigo: unguwa ta kai Mai Sito kotu. Sun ce katangarsa ce ta toshe kwalbatin da ya bi ta ƙarƙashin layinsu, shi ya sa duk damina ruwa ke kwana a ɗakunan mutane. Lauya 'yar unguwar ce, ita ke tsaya musu kyauta. Jiya injiniyan da kotu ta naɗa ya zuba koren rini a bakin kwalbatin daga saman layi, ya bi shi da ruwan tanka, ya je gindin katangar Mai Sito yana jiran ya ga ya ɓullo. Har rana ta yi sanyi bai ga komai ba. Yau mai shari'a za ta zo da ƙafarta ta gani.

*

Da sassafe Lauya ta ajiye motarta a bakin titi, don har gobe mota ba ta shiga layin nan, ta taka zuwa shagon wanki da guga na mahaifinta. Tun ranar da ta fara shiga kotu ba a taɓa goge mata baƙar kwat ɗinta a wani wuri ba. Da Baba ke gogewa. Da ya rasu, Yayanta ya gaji shagon, ya gaji kwat ɗin.

Yaya na tsaye a bayan tebur da dutsen guga a hannu. Bai ɗago ba.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya. Ga rigarki can a rataye."

"Inna fa?"

"Barci take."

"Inna ce da barci bayan gari ya waye?"

"Jikinta ne. Ɗauki ki tafi, kar ki makara."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da kullum sai ya tsare ta da labarin wanda ya kawo wando ya manta da shi, yau shi ke korar ta.

"Yaya, kana ƙona rigar mutane."

Ta bar shi yana fifita wuyan rigar da hannu, ta ɗaga labulen ɗakin baya.

Duk unguwa an san ɗakin nan. A ciki ta yi karatu tun tana yarinya, a ciki Inna ke kwana yanzu, kuma a ciki Lauya ke zama kowace Asabar, mutane su yi layi a shago suna shiga ɗaya bayan ɗaya da matsalar haya, da ta gado, da ta ɗan da 'yan sanda suka kama. Tsohon teburinta na karatu shi ne ofis.

Yau teburin ba ya kusurwarsa. An jawo shi tsakar ɗaki, an shimfiɗa babbar darduma ta baƙi a inda yake. Inna na zaune a bakin gado, idonta biyu, hannuwanta cikin mayafi.

"Inna, an ce kina barci."

"Na tashi."

"Baƙi za mu yi ne aka fito da darduma?"

"Ba ke kika ce mai shari'a za ta zo ba?"

"Layi za ta zo, ba ɗakinki ba."

"To, ko ta leƙo."

Lauya ta durƙusa za ta gaishe ta, ƙafarta ta bugi bokiti a ƙarƙashin gado. Ta jawo shi. Tsumma ne a ciki, da ruwa kore shar.

Ta daɗe tana kallon bokitin.

"Inna, mu ga hannunki."

"Me za ki gani a hannun tsohuwa?"

"Inna."

Ba ta nuna ba. Lauya ma ba ta sake tambaya ba. Ta miƙe ta kama gefen dardumar ta yaye. Tayil ɗin kusurwar ya sha goga har yana sheƙi, amma siririn layin da ke tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa kore ne, kuma yana nan da danshi. Ta danna da yatsa, ruwa ya taso.

"Yaya!"

Ya shigo yana goge hannu a jikin riga, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta.

"Me ke ƙarƙashin ɗakin nan?"

"Ƙasa mana."

"Yaya, yini nake ina yi wa mutane tambaya suna yi min ƙarya, a biya ni. Kai ba ka iya ba. Me ke ƙarƙashin ɗakin nan?"

Ya dubi Inna. Inna ta dubi bango.

"Kwalbatin ne," in ji shi.

"Kwalbati ta tsakiyar layi ya bi."

"Haka yake a taswirar da ke hannunki. A ƙasa kuwa, da ya zo daidai shagon nan sai ya karkato ta baya."

"Ci gaba."

Ya zauna a kan teburin. Bai taɓa zama a kansa ba, ko da wasa.

"Kin tuna lokacin da kike karatu a ƙarƙashin teburin guga? Tururi na zuba, Baba na taka miki littafi?"

"Na tuna."

"Shekarar da kika zo ta ɗaya a makarantarku, Baba ya ce ba za ki ƙara karatu a ƙarƙashin ƙafar kowa ba. Babu fili a bayan shago sai lambatun nan, a buɗe yake a lokacin. Aka tura ki hutu wurin Goggo. Baba ya rufe shi, ya kafa ginshiƙi a ciki don ya ɗauki nauyin ɗaki. Kika dawo kika tarar da ɗaki, kika yi ta tsalle."

"Ginshiƙi. A tsakiyar hanyar ruwa."

"A tsakiya. Amma ya bar murfi a kusurwar nan. Kafin kowace damina sai ya ɗaga, ya shiga da ƙugiya ya kwashe ledoji da tarkacen da suka maƙale a jikin ginshiƙin. Ruwa ya wuce abinsa. Ba a taɓa yin ambaliya a zamaninsa ba. Da ya rasu ni nake shiga."

"Ban taɓa gani ba."

"Kina makaranta ake yi. In kina gida kuma ledar ɗaki ce shimfiɗe a kai, teburinki a kan ledar."

"Yaushe ka daina shiga?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Tayil ɗin ya duba.

Ita ma ta duba.

Ita ta kawo masu sa tayil ɗin nan. Shekarar da ta ci babbar shari'arta ta farko, Inna na asibiti an yi mata aikin gwiwa, ta ce sai dai tsohuwa ta dawo ta tarar da ɗaki sabo. Ita ta zaɓi launin. Har hoto ta ɗauka ta aika wa ƙawayenta.

Ta juyo ta dubi Yaya.

"Kana tsaye aka sa."

"Na ce miki a bar kusurwar nan. Kika ce wane irin aiki ne rabi da rabi."

"Ba ka ce min akwai murfi ba."

"Da wane bakin? A ɗakin nan kike zama kina faɗa wa mutane gini a kan hanyar ruwa laifi ne. Sai in ce miki ke ma a kai kike zaune?"

"To bayan nan? Guduma ce ta yi maka wuya?"

"Daminar farko na yi niyyar fasawa, wallahi na yi. Sai ga Mai Sito ya ja katangarsa a shekarar, ruwa ya shiga gidaje, kowa ya nuna can. In na fasa ɗakin Inna a lokacin, ai na ɗaga hannu ke nan na ce mu ne."

"Mu ne kuwa."

"Katangarsa ma ta matse mafitar, kin gani da idonki."

"Ta matse mafitar ruwan da bai ma isa wurinta ba."

Sallama aka yi daga shago. Kafin a amsa, Mai Katako ya ɗaga labule. Shi ne shugaban kwamitin unguwa, aminin Baba ne tun suna samari, Kawu take ce masa. Ya ci ado na tarbar mai shari'a, har da turare.

"'Yar Mai Guga, kina nan mutane na can suna jiranki a saman..."

Idonsa ya sauka a kan dardumar da aka yaye. Ya sake labulen a hankali, ya jawo ƙofar ya rufe.

Lauya ta lura bai tambayi ko mene ne wannan koren ba.

"Kawu, ka sani."

"Zauna, 'yata."

"A tsaye ma ina ji."

Ya cire hularsa ya riƙe.

"Katakon da aka zuba ginshiƙin a ciki daga rumfata ya fito. Duk wanda kika ga furfura a kansa a layin nan ya ɗauki yashi ranar. Mata suka kawo ruwa. Ba a ɓoye aka yi ba, murna aka yi. Muka ce unguwar nan ma sai ta yi lauya."

"Ta kuwa yi."

"Ta yi. Muna alfahari."

"Ranar da kuka zo min da maganar ƙara, na ce muku aiki ya yi min yawa, zan haɗa ku da wani abokin aikina da ya fi ni sanin shari'ar filaye. Ka ce a'a, sai ni. Ka ce ɗan gida ya fi sanin ciwon gida. Har na yi ƙwalla, Kawu."

"Gaskiya na faɗa."

"Saura rabin."

Ya juya hular a hannunsa.

"Baƙon lauya zai bi kwalbatin nan taku bayan taku, daga sama har ƙasa."

"Ni kuma ba zan duba ƙarƙashin ƙafata ba."

"Ba mu ce za ki ɓoye ba. Mun ce ba za ki nema ba."

Wannan ta yi mata ciwo fiye da ginshiƙin. Shekarun nan duka tana zuwa Asabar tana ganin ita ke riƙe da unguwa. Ashe unguwa ce ta zaunar da ita a kan murfi.

"Ki saurare ni," in ji Kawu, ya rage murya. "Mai Sito yana da hali. In kotu ta sa shi ya haƙa sabuwar hanya ta kewaye, ko a jikinsa. Ruwa ya samu hanya, tsohuwa ta zauna a ɗakinta. Wa aka cuta?"

"Tela ta sani?"

Tela ita ce matar da katangar ɗakinta ta jiƙe ta faɗo mata a ƙafa daminar bara. Da sanda take tafiya yanzu, kekenta na ɗinki kuma sai 'yarta ke taka mata. Sunanta ne na farko a cikin masu ƙara.

"Ita ai daga baya ta tare a unguwa," in ji Kawu.

"Ba ta sani ba ke nan."

"Saninta zai mayar mata da ƙafa?"

"A'a."

"To kin gani. Ga abin da za a yi. Injiniya na bi gida-gida yana tambaya ko an ga koren ruwa. Babu wanda ya gani. Su zo su wuce. Da sun tafi, ni da Yayanki mu fasa kusurwar nan, mu kwashe dattin, mu mayar da murfi kamar yadda ubanki ke yi. Bana ko ɗigo ba zai shiga gidan kowa ba."

Yaya ya ɗago da sauri. "Wallahi ni zan riƙa shiga. Duk wata ma in kina so."

Shawarar ba ta banza ba ce, Lauya ma ta san haka.

"Ni kuma in koma kotu in tsaya in ce katangar Mai Sito ce."

"Ai abin da kike faɗa ke nan tun farko."

"Tun farko ban sani ba, Kawu. Yanzu na sani."

"Sanin minti nawa? Ki ɗauka ba ki shigo ɗakin nan yau ba."

"Na shigo."

"In kika nuna musu, me zai faru?" Yaya ne ya tambaya. "A ci mu tara? Mu biya."

Ta girgiza kai.

"Abin da na roƙi kotu shi ne ta ba da umarni a rushe duk wani gini da ya tare hanyar ruwan. Duk wani gini. Ni na rubuta haka da hannuna, don kada Mai Sito ya ce ba katanga ba ce, shinge ne. Har yaba min kuka yi a taro."

A shago dutsen guga na ta ƙauri, babu wanda ya motsa.

Sai a lokacin Inna ta yi magana.

"Kun gama?"

"Inna..."

"Na ji lauya, na ji shugaba, na ji mai guga. Saura mai ɗaki." Ta gyara zama. "Ubanki ciwon ƙirjin da ya kashe shi, a ina kike zaton ya samo? Tururin guga? Ramin nan ne. Ya shiga ya fito yana tari, in dafa masa ruwan zafi, ya ce kar a faɗa wa yarinya, hankalinta zai rabu. A kan gadon nan ya cika, yana kallon teburin can."

"Inna, zan ɗauke ki. Gidana akwai ɗaki."

"Benenki? Da wace gwiwar? In zauna a sama kamar tantabara, ban san mai shiga ba ban san mai fita ba?"

"Zan nemi na ƙasa."

"Ban ce ki nema ba. Ni ban taɓa roƙonki komai ba. Tayil ɗin nan ma ban roƙa ba, santsi gare shi, sau nawa ina zamewa ban faɗa miki ba. Yau ina roƙo. Ki ɗauki rigarki ki fita ta inda kika shigo."

"In damina ta zo katanga ta sake faɗo wa wani fa?"

"Yayanki ya ce zai shiga."

"In bayansa ya gaza? In ya yi tafiya? Unguwar nan ta ninka yadda Baba ya san ta, Inna. Ruwan ma ya ninka."

"Ke dai kin iya magana. A ɗakin nan kika koya."

Hayaniya ta taso daga waje. Muryar ɗan sanda na cewa a ba da hanya, da takun mutane da yawa, da ƙarar sandar ƙarfe da injiniya ke bubbuga ƙasa da ita. Suna gidan da ke maƙwabtaka da shago.

Inna ta miƙe. Ba ta nemi kowa ya kama ta ba. Ta sa ƙafa ta tura dardumar ta koma kusurwa, ta jawo kujerarta mai hannu ta ɗora a kai, ta zauna, ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Kawu ya tura bokitin can ƙarƙashin gado, ya mayar da hularsa.

Lauya ta fita shago. Ta zare filogin dutsen guga. Ta sauko da kwat ɗinta daga rataye ta sa, ta ɓalla maɓalli. Gugar ta yi kyau kamar kullum.

Mai shari'a ta tsaya a bakin shagon, magatakarda na riƙe mata da lema. Injiniya na gefenta, lauyan Mai Sito na bayansu yana kare takalminsa daga taɓo. Bayan su kuma rabin unguwa ce. Tsofaffin duk ƙasa suke kallo. Tela ce kaɗai ta kutso gaba da sandarta, ta ɗaga wa Lauya hannu tana murmushi.

"Lauya, mun neme ki a saman layi," in ji mai shari'a.

"A yi min afuwa, ranki ya daɗe."

"An ce nan ne ofishinki na Asabar."

"Nan ne. Shagon mahaifina ne."

"Na ji labari. Da ma kowace unguwa tana da irinki." Ta dubi injiniya. "Yi tambayarka."

"Rinin da na zuba jiya ya tsaya a wani wuri tsakanin saman layi da katanga," in ji injiniya. "Inda ya tsaya, dole ya nemi hanyar tasowa. Ko kun ga koren ruwa a nan? A ƙasa, ko a jikin bango?"

"Mu dai ba mu ga..." Yaya ya fara daga bayanta.

Mai shari'a ta ɗaga hannu.

"Bari lauya ta amsa. Na ji akwai tsohuwa marar lafiya a ciki, ba sai mun shiga mun takura mata ba. Lauya, maganarki ta ishi kotu. In kin ce babu, mu wuce gida na gaba."

Magatakarda ya ɗora biro a kan takarda yana jira.

Kawu ya yi gyaran murya a bayan labule.

Lauya ta dubi Tela. Har yanzu murmushi take.

"Ranki ya daɗe, ku shigo."

Ta juya ta yaye labulen gaba ɗaya, ta rataye shi a kan ƙusa, yadda na waje ma za su gani. Ta taka har gaban kujerar ta durƙusa, kamar yadda ta saba gaishe ta.

"Inna, tashi."

Inna ba ta tashi ba. Hannuwanta ta zaro daga cikin mayafi, kore shar har wuyan hannu, ta damƙe hannun kujerar a gaban mai shari'a.